Yadda ake haɗa garin kunun gina jiki ga yaron da ya kai wata shida

A Sakkwato tamowa, wato cutar ƙarancin abinci mai gina jiki, ta fi kama yara daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro da gudawa kuma suka yawaita. Da zarar yaro ya cika wata shida nonon uwa kaɗai ba ya isarsa, amma abin da aka fi ba shi a gidajenmu shi ne koko mai ruwa-ruwa, wanda ke cika ciki ba tare da ya gina jiki ba.

A auna gero tiya shida, waken suya tiya uku, gyaɗa tiya ɗaya. Wanda ba shi da halin haka ya auna da gwangwani, muddin lissafin bai canza ba, kuma dawa ko masara suna iya maye gurbin gero. A tsince geron, a wanke, a shanya. Waken suya shi ne mai aiki: a jiƙa shi ya kwana, a murje ɓawonsa, a shanya ya bushe sarai, sannan a soya shi ba mai har ya yi ƙamshi, domin ɗanyensa yana da wuyar narkewa a cikin yaro. Gyaɗa kuwa a duba ta da kyau, duk wadda ta yi funfuna a zubar, saboda tana ɗauke da guba mai lahanta hanta wadda suya ba ta kashewa. A soya geron da gyaɗar, a haɗa a kai inji, a tankaɗe, a adana cikin mazubi mai murfi.

Wajen damu ne ake yawan ɓata aikin. A kwaɓa garin da ruwan sanyi, a zuba cikin tafasasshen ruwa ana juyawa har ya dahu ya yi kauri. Idan aka karkata cokali kunun ya zube kamar ruwa, to bai yi ba. A ƙara ɗan manja da garin zogale, ko dafaffen ƙwai, ko dakakken busasshen kifi da aka cire wa ƙaya. Kada a sa zuma sai yaro ya shekara.

Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau biyu ko uku a rana, daga wata 9 sau uku ko huɗu, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu.

Ba ƙaramin abu ake karewa ba. Cutar noma, mai cin fuskar yara, ta fi samun waɗanda tamowa ta raunana, kuma tun 1999 akwai asibitinta na musamman a Sakkwato. Saboda haka idan yaro ya daina cin abinci, ko ƙafafunsa suka kumbura, ko ma'aunin da ake auna kaurin damtsen yaro da shi ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, kunu ba zai wadatar ba, a kai shi asibiti a ranar.