Darasi na Bakwai: Magana da Rubutu a Wurin Gini

Duk wanda ya zagaya sababbin unguwannin Maradi zai ga gidajen da suka kai linta suka tsaya, ciyawa ta fito a tsakar ɗakunansu. Idan aka tambayi mai gida zai ce magini ne ya cinye kuɗin, magini kuma zai ce mai gida ne ya riƙa sauya magana, alhali tun farko ba su zauna sun yi lissafi ɗaya ba.

Kafin a haƙa harsashi, ya kamata mai gida da magini da kafinta da mai aikin wuta su zauna a kan filin, a auna shi a gaban kowa, a rubuta yawan ɗakuna da faɗinsu da inda ƙofa da taga za su kasance. A rubuta buhunan siminti, da rodi, da bulo, da amalanken yashi da tsakuwa, har da kuɗin ƴan garuwa, domin ruwa shi ne abin da aka fi mantawa da shi a lissafi. A nemi ra'ayin uwargida tun a wannan zama, saboda ita ta san inda madafa da makewayi suka dace. Sauya wurin ƙofa a takarda ba ya cin ko dala, amma idan bango ya tashi, sai an rushe bulo, an sayi wani siminti, an sake biyan lebura.

A tanadi littafi guda wanda zai zauna a wurin aikin. Kowace safiya, kafin a fara kwaɓa siminti, a tsaya minti 10 a faɗi aikin ranar da kayan da suka kusa ƙarewa, da yamma kuma a rubuta abin da ya shigo da abin da aka kashe. Mai gidan da ke ci-rani ya nemi a turo masa hoton shafin ta WhatsApp, kuma duk sauyin da ya faɗa ta salula a rubuta shi tare da kuɗinsa kafin a taɓa bango. Magini ya ce: "Alhaji, wannan ƙarin zai ci buhu 6 da kwana 3, ka amince?" Jin nauyin yin wannan tambaya ya ɓata zumunci da yawa.

Akwai abin da ba ya hannun kowa. Damina tana tsayar da aiki daga Yuni zuwa Satumba, ta kuma hana ɗiban yashi a gulbi, shi ya sa ake tara shi tun da rani. Farashin siminti yakan motsa, ko na masana'antar Malbaza ta Nijar ne ko wanda ke shigowa daga Najeriya ta garin Ɗan Isa da ke kan iyaka, kamar yadda aka gani da Najeriya ta rufe iyakarta a 2019, don haka a ware wani abu a gefe. Gaggawa ma hasara ce, domin kankare sai ya yi kwana 28 yake cika ƙarfinsa, kuma yana son a shayar da shi aƙalla mako ɗaya.

Idan an gama, a karanta littafin tare da ƴan koyo, a ga inda aka makara da dalilinsa, kafin a karɓi wani aiki.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya ja layi huɗu a shafi, ya rubuta kwanan wata, da sunan kaya, da yawansu, da kuɗinsu, na ginin ɗaki ɗaya.