In baƙo ya sauka a Njamena

'Yan'uwa, ga mai baƙo daga ƙetare: ku fita da sassafe, kafin rana ta buɗe. Ku fara da babbar kasuwa, nan zai samu turaren wuta, atamfa da kayan fata. Kada ya yi ciniki da kansa, ana jin harshensa kuɗi zai ninka. Kai ka taya, kuma ku riƙe canjin sefa.

Abinci kuwa, ni ba na kai baƙo otal. Gasasshen naman raƙumi da yaji da burodi, ko giwan ruwa daga kogin Shari, a kora da karkanji mai sanyi, wato zoɓonmu. Sai dai ruwan sha ya zama na gora, cikinsa ba irin namu ba ne.

Mai son tarihi a leƙa da shi gidan tarihi na ƙasa, ya ji labarin Tumai, ƙoƙon kan wata daɗaɗɗiyar halitta mai kama da mutum da aka tono a hamadar Jurab a 2001.

Da dare unguwar Mursal ce ke ci, akwai kiɗa, amma a tafi da direban da aka sani, fasfo a aljihu. Hoto kuma kusa da fadar shugaban ƙasa ko sojoji, kul!