Yadda ake ƙara wa aksul ɗin baya na Hilux ƙarfi don hanyar daji da yashi

Toh jama'a, duk mai Hilux ɗin da yake shiga daji da ita, ko hanyar gona da damina ko yashin Agadas zuwa Dirku, ya san ba inji ne ke fara gajiya a motar nan ba, baya ne. Injin yana aikinsa lafiya lau sai kaga mai yana tsattsafowa ta cikin durom ɗin birki, ko kaji wani kuka wuuu daga ƙarƙashi in ka taka mai, in ka ɗaga ƙafa ya yi shiru. Da yawa daga nan sai su ce kawai a ciro aksul ɗin Land Cruiser a ɗaura. Ni dai shawarata kar ka fara da nan, wannan shine aiki na ƙarshe kuma mafi tsada, sau da yawa ma ba shi motarka take buƙata ba.

Fara da gano me ke lalacewa. Aksul ɗin Hilux irin wanda shaf ɗinsa ke aiki biyu ne, shi ke juya taya kuma shi ke ɗauke da nauyin motar a kan boris guda ɗaya a bakin taya. Shi ya sa in aka lafta mata buhu har sifirin ya kwanta, boris da sil ne ke fara tafiya, in kuma shaf ya karye ta bakin taya to tayar tana iya barin motar ta yi gabanta. Land Cruiser da yawa, irin su samfurin 79 da wasu samfurin 80, nasu daban ne, taya tana zaune a kan boris biyu a jikin kwangon aksul ɗin, shaf juyawa kawai yake yi, in ya karye sai ka zare shi ka toshe ramin ka sa ogzilari, wato giyar da ke sa tayoyin gaba su ma su ja, gaba ya jawo ka har gari. Wannan ne ainihin abin da mutum yake saye in ya canza aksul gaba ɗaya. In matsalarka lodi ne kullum, to da hujja. In kuma matsalarka manyan tayoyi ne ko maƙalewa a laka, akwai hanya mai sauƙi.

Ɗaga motar ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri, dan Allah kar ka shiga ƙarƙashi tana kan jak kaɗai. Tsiyaye man difaransha ka duba, in ya yi fari-fari ruwa ya shiga, in kaga ɓarɓashin ƙarfe manya a jikin maganaɗisun notin tsiyaya to haƙori ya fara cinyewa. Sannan ka koma bayan motar ka tsaya nesa kaɗan ka kalli tayoyin, in samansu ya karkato ciki kuma suna cinyewa ta gefen ciki, ga sil da aka canza yana sake yoyo, to kwangon ne ya lanƙwashe, kuma duk sabon shaf ɗin da ka sa a lanƙwasasshen kwango asara ce. A miƙe shi ko a samo wani, sannan a yi masa waldar ƙarin ƙarfe ta sama. Ka tsaya a kan mai walda ya riƙa yi kaɗan-kaɗan, nan kaɗan can kaɗan yana bari ya huce, in ya ja walda doguwa lokaci ɗaya zafin da kansa zai karkatar da kwangon.

Zare shaf ka kalli haƙoran bakinsa da ke shiga difaransha, a yawancin Hilux mai difaransha inci 8 guda 30 ne. In layukan sun fara murɗewa ba su miƙe ba, ya kusa karyewa. Akwai shaf na ƙarfen kuromoli mai lamba 4340 da ya fi na kamfani juriya, amma ka sani in shaf ya daina karyewa ƙarfin zai koma kan kirawun da finiyo, wato babban haƙorin cikin difaransha da ƙaramin da ke juya shi, su kuma sun fi tsada. Boris a matsa shi da injin matsi, banda guduma, kuma zoben da ke riƙe shi sabo ake sawa duk lokacin da aka cire.

Yanzu maganar da ta fi komai, wato lissafin haƙori, anan mutane ke ƙona kuɗi. Ƙirga haƙoran kirawun ka raba da na finiyo. 41 da 10 shine 4.10, 43 da 10 shine 4.30, 41 da 9 shine 4.56, 39 da 8 shine 4.88, 37 da 7 kuma 5.29. In ba ka son buɗewa, ɗaga taya ɗaya ka bar ɗayar a ƙasa, giya a firi, ka sa alama da alli a jikin farfela, ka juya tayar sau biyu cif kana ƙirga sau nawa farfela ta zagaya, in ta yi huɗu da ɗan ɗigo 4.10 ne, in ta kusa biyar 4.88 ne. Wannan dabarar tana aiki ne a difaranshar da ba ta da makulli, wato abin da ke haɗe tayoyin biyu su juya tare.

Me ya sa ake canzawa? Saboda babbar taya tana kashe wa mota ƙarfi. Motar da ta zo da 4.10 a kan taya inci 31, in ka sa mata inci 35 sai ka ninka 4.10 da 35 ka raba da 31, zai ba ka wajen 4.63, kenan 4.56 ne ya fi kusa, mai ɗaukar kaya kuma gara ya koma 4.88 don ya huta da ƙona kuloci a hawa. Sai dai fa duk lambar da ka sa a baya dole ita za ka sa a gaba. Babu wani wai ai bambancin kaɗan ne. In gaba 4.30 ne baya 4.56, da ka sa ogzilari tayoyin gaba da na baya za su riƙa ja-in-ja, a yashi ba za ka ji sosai ba don taya tana sulɓewa, amma ranar da ka hau ƙasa mai tauri ko dai akwatin ogzilari ya tafi ko farfela ko haƙori. Don haka in za ka sayi kan difaransha na Beljiyam a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko a aiko maka daga Ladipo, ka ƙirga haƙoran da hannunka a gaban mai shago, ko wanda ka aika ya ƙirga ya turo maka bidiyo, rubutun fenti a jiki ba hujja ba ce.

Abin daɗin Toyota shine kan difaranshar yana fita gaba ɗaya ta gaba in ka zare shaf biyu ka kwance farfela, sai a kai shi kan tebur a yi aikin a natse. Kuma aikin awo ne, ba na kunne ba. Ratar da ke tsakanin haƙorin kirawun da na finiyo a inci 8 tana tsakanin milimita 0.13 da 0.18, da agogon awo ake ganinta. Bayan nan a shafa fenti a haƙora a juya a ga inda suke taɓa juna, ya kamata tabon ya zauna a tsakiyar haƙori, in ya gudu can baki ko can gindi to a sake shim ɗin finiyo, wato siririn washan da ke daidaita zamansa. Haka notin finiyo ba a ɗaure shi da ka, akwai taurin juyawa da littafin motar ya faɗa. Bakaniken da ya ce maka shi da hannu yake ji, ka gode masa ka ɗauki kayanka, kirawun da finiyo in suka fara kuka ba sa dainawa.

Tunda an riga an buɗe, nan ne lokacin tunanin makulli. Difaransha ta asali tana tura juyi wajen tayar da ta fi sauƙin juyawa, shi ya sa zaka ga taya ɗaya tana ta fatali da laka ɗayar tana tsaye a kan busasshiyar ƙasa tana kallo. Makulli yana haɗe su biyun su juya tare. ARB na Ostireliya da iska yake aiki sai ka sa masa ƙaramin kwamfireso, Eaton suna da na lantarki, akwai kuma Detroit mai kulle kansa wanda yake ƙas-ƙas a kwana. Ni na fi son wanda direba ke kunnawa ya kashe da kansa. Abin da ban yarda da shi ba shine a yi wa ƙananan giyoyin ciki walda su manne, eh yana da arha kuma a laka yana aiki, amma a kwalta kowace kwana taya tana gurzar ƙasa shaf yana murɗewa, ga lodi a kai, ba za a daɗe ba.

In kuma ka zauna ka ga lallai sai aksul ɗin Land Cruiser mai difaransha inci 9.5, to ɗauki tef kafin ka ɗauki kuɗi. Auna faɗi daga inda taya ke zama zuwa ɗaya gefen ka kwatanta da na aksul ɗin gaban motarka. Ƙirga notin taya, Hilux da 80 shida ne, amma 79 tun daga 1999 biyar ne, in ba ka lura ba zaka koma yawo da safaya iri biyu. Na 80, wanda aka yi daga 1990 zuwa 1997, kwayil yake hawa, sai an yanke duk kujerunsa an yi waldar sababbi na sifirin ɗin ganye. Ga shi kuma tulun difaranshar Land Cruiser yawanci ya karkata gefe guda, na Hilux a tsakiya yake, sai a duba ko farfela za ta taɓa tanki ko salansa, da wuya kuma ba a rage mata tsawo ko an canza bakinta ba. Kafin a ƙone waldar kujerun, a ɗan ɗiga kawai a sauke nauyin motar a kai a auna karkatar finiyo ta yi daidai da ta bakin akwatin ogzilari, in ba haka ba motar za ta riƙa rawa a guje tana cin kuros ɗin farfela.

Birki kar a yi wasa da shi. Wayar birkin hannu sai an daidaita, bawul ɗin nan mai sanda da ke rage wa baya birki in babu kaya shi ma a mayar da shi a saita, a yi bilidin har iska ta ƙare. Hilux ɗin da ke da ABS kuwa akwai sansa a baya, in sabon aksul ba shi da wajenta wuta za ta kama a dashbod kuma ABS ya daina aiki. Yu-bol, masu ɗaure sifirin da aksul, sababbi ake sawa, tsoho ya riga ya miƙe, kuma a sake ɗaure su bayan an ɗan yi kwanaki ana hawa.

Akwai ɗan ƙaramin bututun numfashi a saman kwangon, ka cire shi ka sa tiyo ka ja shi sama can jikin bodi. Aksul mai zafi in ya faɗa ruwan sanyi zuƙo ruwan yake yi, in kuma bututun ya toshe da laka sai ya turo mai ta sil. Zuba man giya GL-5, 80W-90 ya isa, mai lodi a zafin bazara zai iya sa 85W-140. Tafiyar farko minti 15 zuwa 20 ka tsaya ya huce, kar ka yi lodi mai nauyi ko jan wata mota sai ka cinye kamar kilomita 800, sannan ka zubar da man nan ka duba maganaɗisu, laushin toka-toka ba komai, ka zuba sabo.