Watanni shidan da ba sa dawowa

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, wani yaronmu direban tasi ya tare ni a ƙofar masallaci da damin wasiƙu a hannu. Mahaifinsa na dab da cika shekara 65, kamfanonin inshora sun fara aiko da takardu, shi kuwa yana cusa su a aljihun mota. Ya ce da ni, "Baba, ai an ce a Amurka in mutum ya kai 65 gwamnati ce ke ɗauke masa komai na asibiti." Na dube shi na ce wa ya faɗa maka? Ya ce haka ake faɗa a majalisa. To, nima a majalisar na ji, kuma har yau ina biyan kuɗin wannan jin.

Shiga Medicare kanta, wato inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga waɗanda suka kai 65, ba wuya. Sashen A na kwanciya asibiti ne, kuma babu kuɗin wata ga wanda ya yi aikin shekara goma yana biyan haraji, ko shi ko abokin aurensa. Masu karɓar kuɗi a hannu ba sa cike takardar haraji, ku ji da kyau, waɗannan shekarun ba a ƙirga muku su ba. Iyayen da muka ɗauko daga gida da girin kad sai sun yi shekara biyar a jere a ƙasar kafin su iya shiga, kuma sayen Sashen A za su yi, wanda a 2025 ya kai dala 518 a wata, sai fa in Medicaid, tallafin lafiya na masu ƙaramin ƙarfi, ta jiharsu ta tallafa. Sashen B na ganin likita ne da gwaje-gwaje, dala 185 a wata a 2025. Watanni bakwai ake ba mutum ya yi rajista: uku kafin watan haihuwarsa, watan kansa, da uku bayansa. Wanda ya makara ba tare da inshorar wurin aiki ba, ana ƙara masa kashi 10 cikin ɗari na kuɗin watan Sashen B a kan kowace shekarar da ya yi jinkiri, har ƙarshen rayuwa.

Ga wani abu da ya shafe mu fiye da kowa. Da yawanmu fasfo ya ce ranar 1 ga Janairu aka haife mu, don ranar da akawu ya ga dama ya rubuta ke nan. A dokar nan, wanda aka haifa ranar ɗaya ga wata ana lissafa shi kamar a watan baya ya cika shekarun. Don haka naka lissafin daga Disamba yake, ƙofar kuma a ƙarshen Maris take rufewa, ba Afrilu ba.

Yanzu ga inda ya ƙone ni. Medicare kashi 80 take biya na kuɗin Sashen B, kashi 20 naka ne, kuma wannan ashirin ɗin ba shi da iyaka. A kan ganin likitan mura ba komai ba ne. A kan aikin zuciya ko maganin daji, kashi ashirin yana iya cinye filin da ka saya a gida. Inshorar cike giɓi, wadda ake kira Medigap, ita ke toshe wannan rami. Kamfanoni masu zaman kansu ke sayar da ita, amma gwamnati ta tsara ta da haruffa, shi ya sa tsarin G na wannan kamfani daidai yake da G na wancan, bambancin farashi ne kawai. G na biyan kusan komai ban da kuɗin farko na shekara na Sashen B da kai za ka biya kafin Medicare ta fara biya, wanda ya kasance dala 257 a 2025. N ya fi sauƙin kuɗin wata, amma za ka riƙa ba da har dala 20 in ka je ganin likita. F da tsofaffin hannu ke yabo a majalisa, an daina sayar da shi ga waɗanda suka cancanci Medicare daga 1 ga Janairun 2020, kada wani ya ɓata maka lokaci.

Daga watan da ka cika 65 kuma Sashen B naka ya fara aiki, kana da wata shida na sayen Medigap. A cikinsu babu kamfanin da ya isa ya tambaye ka ciwon suga ko hawan jini ya ƙi ka, ko ya ƙara maka kuɗi saboda su. Suna wucewa, a yawancin jihohi, sai kamfani ya ga dama.

Ni lokacin nawa watannin shidan lafiyata ƙalau. Ina tuƙi, ina azumin Litinin da Alhamis, abin da nake sha bai wuce zuma da habbatus sauda ba. Na lissafa kuɗin watan na ce gara in aika gida a ƙarasa rufin ɗaki. Uwargida ta yi magana, na ce ta bari, Allah ne mai tsarewa. Ta ce ai shi ma mai raƙumin cewa aka yi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Ban ji ba. Bayan shekara biyu da 'yan watanni ƙirjina ya riƙe a cikin dare, aka kwantar da ni kwana huɗu, aka sa mini ƙarfe a jijiya. Da takardun biya suka fara zuwa, kowane likita da tasa, har wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, sai na ruga neman Medigap. Kamfani na farko ya aiko da tambayoyin lafiya shafi guda, na amsa da gaskiya, ya ƙi. Na biyu ma haka. 'Yan'uwanmu na Niyok da Konetikat su sun tsira daga wannan, don dokar jihohinsu ta tilasta a sayar wa mutum ko yaushe ya zo. Shi ya sa shawarar ɗan'uwanka na unguwar Buronis ta Niyok, ko da zuciya ɗaya ya ba ka, tana iya jefa ka rami in kana Ohayo ko Tekzas. Tambayi dokar jiharka.

Akwai masu bugo waya suna cewa tsarinsu kyauta ne, har da haƙori da tabarau. Wannan shi ne Medicare Advantage, wato kamfani ya karɓi dukan lamarinka. Ba zan ce mugun abu ba ne, a kansa na ƙare, kuma yana da iyakar abin da za ka kashe a shekara. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Likitocin da ke jerinsu kaɗai za ka gani, wasu ayyukan sai sun ba da izini, kuma ba a haɗa shi da Medigap. Wanda ya fara da shi tun yana 65 yana da shekara ɗaya ta gwaji da zai iya fita ya sayi Medigap ba tare da tambayar lafiya ba.

Magani kuwa sashensa daban, Sashen D, Medigap ba ta biyansa. Nan ma na ce ba na shan magani, me zan yi da shi? Duk watan da ka zauna babu shi ana rubuta maka tarar kashi ɗaya cikin ɗari na wani ma'aunin kuɗi na ƙasa. Watanni talatin na yi, ga shi ina biyan kusan dala 11 a kan kuɗin kowane wata, kuma ba ranar dainawa. Ko ba ka shan komai, ɗauki mafi araha don ka toshe tarar. In kana sha, zuba kwalaben a leda, ka rubuta sunan kowanne da ƙarfinsa, ka shigar a shafin Medicare.gov tare da kemis ɗin da kake zuwa, don kowane tsari da jerin magungunansa. Jerin yana canzawa duk shekara, wasiƙar canjin tana zuwa a Satumba, sauya tsari kuma daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba ne. An samu sauƙi yanzu: allurar insulin ba ta wuce dala 35 a wata, kuma a 2025 aka sa iyaka kan abin da mutum zai fitar daga aljihunsa na magani a shekara, dala 2,000 ce a wannan shekarar. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi tallafin Extra Help a ofishin Social Security, ba abin kunya ba ne.

Masu shirin yin hunturu a Kano ko Damagaram, Medicare ba ta bin ku gida, ba ta bin ku Makka. G da N suna biyan kashi 80 na jinyar gaggawa a waje, cikin kwana 60 na farkon tafiya kawai, bayan ka biya dala 250, kuma jimlar rayuwa dala 50,000 ce. Mai Advantage da ya wuce wata shida a waje, kamfani na iya cire shi.

Jama'armu, Allah ya saka, ba a barin mutum shi kaɗai. Da nake kwance har karo-karo aka yi mini, mata suna aiko da tuwo asibiti. Sai dai karo-karon masallaci na iya kai gawa gida, ba ya iya biyan aikin zuciya. Yaron nan na ce masa ya nemi ofishin SHIP na jiharmu, masu ba da shawara kyauta waɗanda ba kamasho suke ci ba, ya kuma roƙi tafinta. Jibi Talata za mu je tare, na ce ya taho da Alhajin, da fasfonsa, da ledar magungunan, da duk wasiƙun nan na aljihun mota.