Yadda za ka kare tsohonka mai cutar mantuwa daga mugun hannu

Mai cutar mantuwa ba shi da bakin kai ƙara. Idan ya ce an mare shi sai a ce gigin tsufa ne, in an jima shi kansa ya manta. Na yi aikin jinya a gidan kula da tsofaffi, kuma abin da nake gaya wa duk wanda ya kawo mahaifi ko mahaifiya shi ne, jikinsu da halinsu za su faɗa maka abin da ya faru in ka san inda za ka duba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ma'aikata 2 cikin 3 a irin waɗannan gidaje sun amsa cewa sun ci zarafin wani tsoho a cikin shekara guda, ko da tsawa, ko da sakaci, ko da hannu.

Kada a san ranar zuwanka. Ka zo da sassafe lokacin wanka da canza kunzugu, ka zo da almuru lokacin da masu wannan cuta suka fi rikicewa. A waɗannan lokutan ne hannu ke yin nauyi. Tsohuwa ba ta gane mai tuɓe mata kaya ba, sai ta turje, ta kai yaƙushi, shi kuma mai jinya ga wasu birjik suna jiransa. Wannan bai wanke kowa ba, amma shi ya sa za ka tambayi shugaban gidan tsofaffi nawa ke hannun ma'aikaci ɗaya da dare.

Sai duba jiki. Ka ce kai za ka shafa wa tsohuwarka mai ko ka canza mata riga, ka duba a natse. Fatar tsoho ba ta da ƙwari, balle mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin, don haka kwanciyar jini a bayan hannu ko a ƙwauri ba abin mamaki ba ce. Wadda ke tayar mini da hankali ita ce ta fuska, da wuya, da kunne, da gadon baya, da cikin cinya. Faɗuwa ba ta cika taɓa waɗannan wuraren ba. Shatar yatsu a damtse alamar damƙa ce. Shata kamar zobe a wuyan hannu ko idon sawu alamar ɗauri ne. In aka ce maka “faɗuwa ta yi”, ka tambaya yaushe, a ina, wa ya ɗaga ta, sannan ka nemi ganin inda aka rubuta.

Ka lura da ita sa'ad da ma'aikata ke shigowa. Tana iya manta suna, amma tsoro kan daɗe. In ta kare fuska ko ta yi tsit duk lokacin da mutum ɗaya ya matso, ka riƙe wannan. Haka in ka tarar da ita kullum cikin barci, miyau na zuba, ka nemi jerin magungunanta. Akan ɗirka wa masu rikici magungunan taɓin hankali irin su haloperidol don a huta, alhali magungunan nan suna ƙara haɗarin mutuwa ga masu cutar mantuwa.

Duk abin da ka gani, ɗauki hoto da wani abu a gefe da zai nuna girman raunin, ka rubuta rana da lokaci da abin da ta faɗa da kalmominta. Kada ka sa mata magana a baki. “Mama, me ya same ki a nan?” ya isa.

Kada ka tari ma'aikacin da faɗa, domin kai za ka tafi, ita za ta kwana a hannunsa. Kai ƙorafi a rubuce ga shugaban gidan, ka riƙe kwafi, ka nemi a janye mutumin daga kanta tun ranar. Likitan da ba na gidan ba ya duba ta. Idan akwai karaya, ƙuna ko rauni a al'aura, ka sanar da 'yan sanda da hukumar da ke sa ido kan gidajen nan take, ba sai gidan ya gama nasa binciken ba.