Ƙananan Ayyukan Ƙwadago: Yadda Matashi Zai Yi Su Ba Tare da An Ci Guminsa Ba

Ka tambayi manya aikin da suka fara yi don kuɗi, za ka ji wankin mota, cire ciyawa, share harabar gida, aike, raino. Kusan kowa sai ya yi dariya in ya zo kan abin da aka biya shi. In ka bi labaran a hankali kuwa, za ka ga a wurare uku ladan yake yoyo: ba a yi ciniki kafin a fara ba, ba a ƙirga lokacin da aikin ya ci ba, ba a kuma cire kuɗin kayan aiki ba. Waɗannan duk abubuwa ne da ɗan shekara 14 zai iya gyarawa da bakinsa da ɗan littafin rubutu.

Kafin komai, shekaru. Yarjejeniya mai lamba 138 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka yi a 1973, ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga aiki, ta kuma bar wa ƙasashe masu tasowa damar farawa daga 14. Aiki mai sauƙi, wanda ba ya cutar da lafiya kuma ba ya hana makaranta, ana iya yarda da shi daga 13 zuwa 15, ko 12 zuwa 14 a ƙasashen da suka ɗauki wancan sassauci. Aiki mai haɗari sai an kai 18. Kowace ƙasa tana da dokarta a kan wannan, iyaye su duba tasu. A aikace ma'aunin ba shi da wuya: aikin da ya sa yaro gyangyaɗi a aji ya yi masa yawa, ko da shara ce kawai. Matashi yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a dare, kuma daga nan ne aiki yake fara sata.

Ciniki, tun ran gini tun ran zane

Maganar da ta fi kowace cutar da ƙaramin ma'aikaci ita ce "yi kawai, ba za mu ɓata ba." Mai faɗinta sau da yawa ba mugu ba ne, shi ma bai yi lissafi ba. Amma da zarar aiki ya ƙare ƙarfin cinikinka ya ƙare, domin ba za ka iya mayar da ƙurar kan motar ba. Haka nan amsar da kunya take sa yara su bayar, "duk abin da ka ba ni." To, abin da ya ga dama zai ba ka, kuma da bakinka ka ce ka yarda.

Abu huɗu ake yankewa ana tsaye a gaban aikin, ba a waya ba, ba kuma daga nesa ba. Iyakar aikin, wato daga ina zuwa ina. Nawa ne. Yaushe za a biya. Kayan wa za a yi amfani da su. Iyakar ce ta fi kawo rigima. "Wanke motar" na iya nufin jikinta kaɗai a wurinka, shi kuwa mai ita yana nufin har da cikinta, da shimfiɗun ƙasa, da but. "Gyara wurin nan" ba shi da ƙarshe sam. Ka zagaya da mai aikin, ka nuna da hannu, ka maimaita masa abin da ka fahimta: "Daga ƙofa zuwa bangon can zan cire, in tara, in kwashe. Bayan gida ba ya ciki." In ya ce haka ne, an gama. In yana son ƙari a tsakiyar aiki, "tun da kana nan ɗan goge tagogin," amsar ladabi ita ce "to, in na gama wannan sai mu yi maganar wancan." Ba rashin kunya ba ne, kuma yawancin manya suna ƙara ganin girman yaron da ya faɗi haka.

Sai zaɓi tsakanin jinga da biyan awa. Jinga, wato kuɗi guda a kan aikin gaba ɗaya, ta dace da aikin da ka sani kuma kana ganin ƙarshensa da idonka, irin wankin mota ko sharar fili. Duk saurin da ka ƙara ribarka ce. Aikin da ba ka san zurfinsa ba, kamar kwashe ɗakin ajiya da ya shekara a rufe, ko raino da ba a san lokacin dawowar iyaye ba, a yi shi da awa. Wanda ya ɗauki jingar aikin da bai taɓa yi ba yakan wuni a kan abin da ya zaci awa biyu ne. In dole sai jinga, ka ƙiyasta lokacin, ka ƙara rabinsa a kai, sannan ka faɗi kuɗi. Aikin da zai wuce yini ɗaya, ko wanda za ka sayi kaya dominsa, ka nemi kafin alƙalami da zai rufe kuɗin kayan aƙalla.

Lissafin da ba a yi

A ce wankin mota yana cin minti 45. Tafiya zuwa wurin minti 20, dawowa 20, jiran mai mota ya fito ya duba ya biya 15, wanke tsummoki da tattara kaya 10. Minti 110 ke nan, kusan awa biyu, a kan ladan da aka yanka don minti 45. Yanzu a ce motoci uku ne a layi guda: wanki minti 135, sauran ɗawainiyar tana nan a 65, jimla 200, wato kimanin minti 67 kowace mota. Shi ya sa masu ba da aiki uku da ke maƙwabtaka da juna suka fi biyar da ke warwatse. Haka kayan aiki: in kwalbar sabulu tana yin wanki 20, kashi ɗaya cikin 20 na kuɗinta yana kan kowace mota, ka ware shi kafin ka ce ka samu wani abu. Wanda bai ware ba, ranar da sabulu ya ƙare zai tarar ba shi da na sayen wani.

Littafin kuwa layi ɗaya ne kowane aiki: kwanan wata, wa aka yi wa, me aka yi, minti nawa, nawa aka yanka, an biya ko ba a biya ba. Bayan wata guda shi zai faɗa maka aikin da ya kamata ka bari.

Wankin mota

Nan ne yara suka fi jawo wa kansu asara, don fenti ba ya yafiya. Kana buƙatar bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla, da soso mai laushi, da buroshi ko tsumma na daban don tayoyi, da tawul mai tsabta na gogewa. Kafin ka taɓa motar ka zagaya ta tare da mai ita, ku ga duk wani ƙwarzane ko lotsawa da ke jiki, don kada a ɗora maka daga baya. Ka tabbatar gilasai a rufe suke.

A inuwa ake wanki, jikin motar kuma ya huce. A rana sabulu yana bushewa kafin ka ɗauraye, ya bar tabo. Fara da watsa ruwa zalla ya sauke ƙura da yashi, domin yashin da soso ya ja a kan fenti shi ne yake barin siraran layukan nan da ake gani in haske ya bugi motar. Daga sama ake farawa: rufi, gilasai, bonet, ƙofofi, ƙasan ƙofofi a ƙarshe, don nan datti ya fi taruwa. Duk ɓangaren da ka gama, ka kurkure soson a bokitin ruwa zalla kafin ka mayar da shi cikin na sabulu. Amfanin bokiti na biyu ke nan, yashin ya zauna a can. Soson da ya faɗi ƙasa ba ya komawa kan fenti sai an wanke shi tas. Garin sabulun wanki yana barin burbushi da fari-fari, sabulun wanke-wanke kuma yana cire man sheƙin da aka shafa wa fenti, saboda haka in akwai sabulun mota shi ya fi. Ka goge da tawul kafin ruwan ya bushe da kansa. Kada ka buɗe bonet ka watsa wa inji ruwa, kada kuma ka tayar da motar don matsar da ita, ko da an miƙo maka mukulli.

Goge-goge da aikin lambu

A aikin tsabtace gida, ƙa'ida ɗaya ta fi sauran nauyi: bilic, wato sinadarin nan mai sa kaya fari, ba a haɗa shi da komai sai ruwa. In ya haɗu da sinadarin wanke masai mai asid, ko ruwan khal, yana fitar da iskar kulorin. In ya haɗu da mai amoniya yana fitar da wata iskar mai guba. Duka biyun suna ƙona ido da huhu, a banɗaki mai rufe kuma suna iya kisa. Ka buɗe taga, ka sa safar hannu, ka karanta jikin kwalba. Sabon sinadari a fara gwada shi a lungun da ba a gani. Tsarin aikin kuwa daga sama zuwa ƙasa ne, busasshe kafin jiƙaƙƙe: yanar gizo-gizo, ƙura, shara, sannan goge ƙasa, kana ja da baya zuwa ƙofa.

Ciyawa tana fita da saiwarta in ƙasa na da danshi, wato bayan ruwan sama ko bayan an yi ban ruwa. A busasshiyar ƙasa kan ciyawar kawai kake tsinkewa, kwana kaɗan ta dawo, mai gida ya ce ba ka iya aiki ba. Ka sa ya nuna maka shuke-shukensa tukuna, don tsiron fure da ciyawa suna kama da juna a idon wanda bai saba ba. Takalmi rufaffe dole ne, kuma tarin shara ko duwatsu da manjagara ake fara taɓa su, ba da hannu ba. Injin yanke ciyawa, ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a kai shekara 12 kafin a tura na hannu, 16 kafin a hau na zama. Hawa rufi, feshin maganin ƙwari, da duk abin da ya shafi wayar lantarki, ka ce a'a ko nawa za a ba ka. Kaya mai nauyi a tsuguna a ɗauka da ƙarfin ƙafa, yana manne da jiki. Wanda ya fi ƙarfinka a raba shi biyu ko a nemo baro.

Aike ba shi da wani sirri. Ƙirga kuɗin a gaban mai aike, rubuta abin da ake so, tambayi me za ka yi in babu, dawo da canji da rasit ba tare da an tambaye ka ba.

Raino

Wannan ne aikin da ladansa ya fi ƙanƙanta in aka auna da nauyinsa, kuma a ganinmu bai kamata ya zama aikin farko na kowa ba, balle rainon jariri. Mai karɓarsa, mace ko namiji, ya rubuta lambar wayar iyayen, da ta wani babba a kusa, da lambar gaggawa, da duk abin da jikin yaron ba ya so, kafin su fita. Magani ba a ba yaro sai wanda iyaye suka auna suka faɗi lokacinsa. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai wuce 'yan santimita ba, kuma shiru yake yi, babu ihu, don haka bokiti ko baho mai ruwa ba a barinsa da shi ko na ɗan lokacin ɗauko tawul. Jariri a rigingine ake kwantar da shi. Komai kukansa ba a jijjiga shi da ƙarfi. In ya fi ƙarfinka ka ajiye shi a wuri mai aminci ka kira iyayen. Ƙuna in ta faru, ruwa mai sanyi mai gudana na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da shafa wani abu, sannan waya.

A kowane aiki, wani babba a gidanku ya san inda kake, wurin wa, da lokacin dawowarka. Aikin farko a gidan da ba ka sani ba, a raka ka. Duk wanda ya ce ka ɓoye wa iyayenka wani abu game da aikin, ka tafi a lokacin, ko ba a biya ka ba.

Karɓar lada

Kira mai aikin ya duba kafin ka tattara kayanka, don in akwai gyara ka yi nan take. In ka fasa ko ka ɓata wani abu, kai za ka fara faɗa. Wanda ya gano da kansa yakan ɗora maka har abin da ba kai ka yi ba. In an ce "dawo gobe," ka tambayi ƙarfe nawa, ka rubuta, ka koma a lokacin. In aka sake ɗagawa karo na biyu, ka bar wa babban gidanku maganar, kuma kada ka yi sabon aiki a kan tsohon bashi. Ƙarin kuɗi kuwa ana nemansa ne kafin aiki na gaba, bayan ka yi wa mutum aiki huɗu ko biyar babu ƙorafi, kana riƙe da littafinka da ke nuna minti nawa kowanne ya ci.