Yadda za ki haɗa tiren cuku idan ƙawaye za su zo hira

Mu a Daura cuku ba baƙonmu ba ne, tunda ta Kongolam ake shigo da na Buzaye daga Nijar, mai faɗi, busasshe. Shi ne jigon tiren.

Da farko ki shinshina shi tun wurin saye. Mai warin tsohon mai, ki bar wa mai shi kayansa.

Ki ɗora shi a kasko ba mai, wuta kaɗan, kowane gefe kamar minti 1, har ya fara ƙamshi. A nan ake kuskure: da kin juya baya ya ƙone, ya yi ɗaci. Ki kakkarya shi da hannu yadda zai shiga baki, wuƙa ba ta yi masa kyau.

Idan kin samu cukun Turawa da ake kira Cheddar, wanda asalinsa daga Ingila ne, ki fitar da shi daga firij minti 30 kafin isowar baƙi, a yanka ƙanana. Lokacin zafi minti 15 ya isa, don gumi yake yi.

Sai jeri. Cuku a tsakiyar tire, dabino a gefe bayan kin cire ƙwallon, soyayyar gyaɗa, kilishi, da zuma a ɗan ƙaramin kofi. Kankana kam ki ba ta nata farantin, ruwanta yana jiƙa komai.

Wasu na ƙara awara. Waken suya ce, ba madara ba, amma ni ban taɓa ganin ta yi saura ba.

Ki rufe tiren da faifai saboda ƙuda, ki ɗora shayi.